Jan Biro a Kashi Na Tara

Litinin, da hantsi, a ofis

Na dawo aiki. Teburina yana nan inda na bar shi, sai dai wani ya ɗauke kujerata mai taya ya ajiye mini ta roba. Ban tambaya ba. Kowa ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Mai ɗaukar sauti ya buɗe baki zai yi barkwancinsa na kullum, ya tuna, ya haɗiye. Gwaggo ce kaɗai ta yi abin da raina ke so. Ita ke fitowa a kaka ko suruka a duk wasannin rediyon da muke yi, shi ya sa har Shugaba ma Gwaggo take ce mata. Ta dire mini kofin shayi ta ce, "Sha, sukarin ya yi yawa, hannuna ne ya zarce," ta koma wurinta.

Shugaba ta kira ni ofishinta. Ta ce kashi na tara na shirinmu na lafiyar uwa da jariri, wanda aka ba ni tun kafin in tafi hutun haihuwa, za ta iya miƙa wa wani. Na ce a'a. Ta ce in yi tunani. Na ce na yi. Kashin a kan alamomin haɗari ne ga sabon jariri: zafin jiki, ƙin nono, numfashi da sauri. Ranar da aka raba aikin har dariya aka yi, aka ce ai in na dawo ni zan fi kowa sanin abin.

To, ga shi na dawo.

An yi sabon edita ba na nan. Ban gan shi ba tukuna. Almakashi suke ce masa.

Laraba, hutun rana

Na gan shi. Siriri ne, gilashi a goshi, aljihun rigarsa cike da biro, duk ja. Daga gidan jarida ya zo. Ya tsaya a kaina ya ce, "Malama, ke ce mai kashi na tara? Gobe nake so. Minti goma sha biyar, kada ya wuce." Na ce to, Yallaɓai.

Bai san komai ba, daga gani. Shi kaɗai a ginin nan ya kalle ni ido cikin ido. Sai na ji sanyi a raina.

Rubutun yana ta zuba kamar famfon da ya lalace. Uwa ce da jaririnta a ɗaki, da rana tsaka, mijin yana wurin aiki. Yaron ya ƙi kama nono. Tana ta ba kanta dalilai: ko ya ƙoshi ne, ko zafin gari ne, ko barci yake ji. Ban taɓa rubuta abu da sauri haka ba.

Alhamis, da yamma

Na miƙa.

Juma'a, da la'asar, a gida

Ya dawo mini da shi kafin azahar. Ban san takarda na iya ɗaukar ja haka ba. Shafin farko kamar an yanka kaza a kai.

"Ya yi tsawo." "Ya yi tsawo." "An riga an faɗi wannan." "Wa ke magana haka?" "Rediyo ne, ba a ganin launin shawul." Shafi biyu cur, inda uwar ke ninke kayan yaron tana yi masa hira, ya ja musu layi ɗaya daga sama har ƙasa. Ko kalma bai rubuta ba, layi kawai.

Shekara nawa ina wannan aikin. Tsohon editanmu da fensir yake gyara, ya kuma fara da "Madalla, amma". Wannan babu madalla.

Na tsaya a shafi na shida. Ban karanta sauran ba. Na sa a jaka.

Maigidana, Malam, yana falo yana duba littattafan 'yan ajinsa, shi ma da jan biro. Na ce masa, "Kai ma ashe cikinsu kake." Ya ɗago ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Me muka yi?" Na ce ba komai. Ya ce gas ya kusa ƙarewa. Na ce na gani. Hirar da muke yi ke nan yanzu: gas, wuta, wa zai rufe ƙofa.

Asabar, da safe

Yaya ta zo da mota ta ɗauki gadon jaririn da ta ara mini. Ta ce ba gaggawa take ba, Inna ce ta ce ganinsa ba ya yi mini amfani. Malam ne ya shiga ƙaramin ɗakin ya fito da shi. Ni ina kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Lahadi, da yamma

Ba abin rubutawa.

Litinin, bayan azahar

Na karanta sauran a teburina, don ba yadda zan gyara abin da ban gani ba.

Shafi na bakwai: "Me ya sa ba ta tafi asibiti tun da rana ba? Mai sauraro zai ce sakaci ne. A sa nas ta faɗa mata: da kin kawo shi da wuri."

Shafi na ƙarshe, inda uwar ke zaune a bencin asibiti, an shiga da yaron, ƙofa ta rufe. Nan rubutuna ya tsaya. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe: "INA ƘARSHEN? YARON YA RAYU KO YA MUTU?"

Na tashi na shiga banɗaki. Na buɗe famfo. Ban san iya zaman da na yi ba. Da na fito Gwaggo tana tsaye a teburina, takardun a buɗe yadda na bar su. Gaban rigata ya jiƙe kuma, har yanzu nonon bai daina zuwa ba. Ta cire mayafinta ta yafa mini kamar wasa, ta ce na'urar sanyin nan za ta kashe mu.

Talata, da hantsi

Taron mako. Almakashi ya bi kashi-kashi. Da ya zo kan nawa ya ce, a gaban kowa, "Na tara akwai aiki. Akwai rai a ciki, amma ba wasa ba ne tukuna, mace ce ke magana da kanta." Mai ɗaukar sauti ya sunkuya yana neman abin da bai faɗi ba a ƙarƙashin tebur. Shi kuwa bawan Allah ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Na faɗi wani abu ne?" Shugaba ta ce a wuce na goma.

Mace ce ke magana da kanta.

Na ji haushinsa ƙwarai. Na koma na buɗe kwamfuta, na ce zan nuna masa. Na mayar da duk abin da ya yanke. Na ƙara wani shafi ma. Shawul ɗin ruwan ƙwai ne, kuma sai an faɗa.

Laraba, da yamma

Inna ta kira. Ta ce, "Uwata, wai dole ne aikin nan? Ki zo gida ki huta mana." Na ce Inna, a gida me zan yi? Ta ce, "Haka ne." Sai ta koma ba ni labarin maƙwabciyarta da ta sayi injin wanki yana tafiya da kansa har bakin ƙofa. Na yi dariya don ta ji.

Ban gaya mata maganar edita ba. Da ta ce in ba ta lambarsa.

Alhamis, hutun rana

Na sake miƙawa. Ya fi na farko tsawo. Na ajiye masa a tebur na ce, "Yallaɓai, ga shi." Na shirya amsoshi tun a mota, har da na tambayoyin da bai yi ba. Bai ko ɗago ba, waya yake.

Juma'a, da hantsi

Ya kawo mini da kansa. Ya yi sallama a bakin teburina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye da hannu biyu. Ya ce, "Malama, ya yi. Sannu da ƙoƙari." Idonsa a kan filas ɗina, a kan bango, a kan komai ban da ni.

Na buɗe. Fari fat. Babu ɗigon ja ko ɗaya. Har kuskuren da na gani da idona a shafi na biyu, inda na rubuta kalma ɗaya sau biyu, yana nan bai taɓa ba.

Na je wurin Gwaggo na ce, "Ke ce kika gaya masa?" Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ni ce. Rashin sani ya fi dare duhu, 'yar nan. Zan zuba ido ne yana caka miki wuƙa bai san wuƙa ce ba?" Na ce ban aike ki ba. Ta ce, "Ba ki aike ni ba. Ki yi fushin, ina nan."

Ya kamata in ji daɗi. Na ci nasara, ko? Ba a yanke komai ba.

Mutum ɗaya ne a ginin nan yake kallona a matsayin ma'aikaciya. Yanzu shi ma ya koma magana ƙasa-ƙasa.

Asabar, da la'asar

Na share gidan nan kaf, ban da ɗaki ɗaya. Malam ya ce, "Ko mu fita mu ɗan taka?" Na ce kaina na ciwo. Ya fita shi kaɗai, ya dawo da lemo da ayaba, ya ajiye a kusa da ni. Shi ma ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gani.

Litinin, da yamma

An yi ɗaukar gwaji. Wata yarinya cikin 'yan wasanmu ta karanta uwar, Gwaggo ta karanta nas. Ban shiga situdiyo ba, na ce ina da aiki. Mai ɗaukar sauti ya zo daga baya yana sosa ƙeya, ya ce, "Anti, ya kusa rabin awa fa." Na ce ka gaya wa edita. Ya ce, "Na gaya masa. Ya ce a bari."

Gobe za a kai wa mata su saurara a ɗakin jira na asibitin unguwa, kamar yadda muke yi wa kowane kashi kafin a sa a iska. Marubuci ke zuwa ya zauna a gefe ya ga fuskokin mutane. Shugaba ta ce ba sai na je ba. Na ce zan je.

Kullum ana ce mini ba sai na yi ba.

Talata, bayan mun dawo

Ranar riga-kafi ce. Ban yi lissafin wannan ba. Benci cike da mata, kowacce da nata, wasu a kafaɗa, wasu a cinya. Ƙamshin hoda da man shafawa. Na zauna kusa da taga na riƙe biro da ƙarfi.

Aka kunna. Da farko sun saurara. Da uwar ta ce, "Kai kuma yau fushi kake da ni?" wata ta yi dariya ta ce wa ta kusa da ita, "Wallahi haka nake ce wa nawa."

Daga nan abin ya fara zamewa. Uwar tana ta ninke kaya. Tana ta ninkewa. Wata ta ciro waya. Biyu suka shiga hirar kuɗin mota. Wata ta yi gyangyaɗi har katinta ya faɗi. Lokacin da aka zo wurin da ake faɗin alamomin, wurin da saboda shi aka yi kashin gaba ɗaya, ba na jin mutum uku suna saurare.

Da ya ƙare abokiyar aikina da muka zo tare ta tambaye su me suka fahimta. Sai wata mata mai jiki, da tagwaye, ta ce, "Ni dai 'yar uwa, tausayi ta ba ni. Amma tana ta surutu ita kaɗai, yaro jikinsa na zafi. A ce mana mu yi me? Mu jira ne ko mu taho?" Wata ƙarama daga baya, da alama haihuwar fari ce, ta ɗaga hannu kamar a aji ta ce, "Kuma an kashe ne, ko nan ya ƙare? Yaron ya tashi?"

Ba wanda ya gaya musu komai a kaina. Ba su san ni ba.

A mota abokiyar aikina ta ce mata ne kawai, zafi ya dame su. Na ce a'a, gaskiya suka faɗa.

Laraba, da hantsi

Shugaba ta ga rahoton gwajin. Ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar da ke gefena maimakon tata. Ta ce ranar Litinin za a ɗauki na gaske, gidan rediyo ba ya jira. In bai yiwu ba za a sa tsohon kashin bara, ba wani abu. Ta ce kuma za ta iya ƙara mini hutu, wata ɗaya, da albashi. Ta faɗa da kyakkyawar zuciya, na sani.

Wata ɗaya a gidan nan, ni da ƙofar nan a rufe.

Na ce ta ba ni zuwa Juma'a.

Laraba, hutun rana

Na buɗe rubutun, na rufe. Duk layin da na ce zan cire sai in ji kamar ina cire wa mutum riga. Ba zan iya ni kaɗai ba. Na san wanda zai iya.

Alhamis, da yamma

Zan rubuta wannan dalla-dalla don kada in manta.

Na buga sabon kwafi na ƙwanƙwasa masa. Yana cin burodi a kan jarida. Ya miƙe tsaye har ya kusa zubar da shayi. Na ajiye takardun, na ce, "Yallaɓai, gyara na zo a yi mini."

Ya ce, "Malama, ai na ce ya yi."

Na ce, "Bai yi ba, kuma ka sani. Mata sun yi barci a kai."

Ya cire gilashin ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Na rubuta miki tambayar da har in koma ga Allah zan ji kunyarta. Ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

Na ce, "Tambayar daidai take. Wasan ba shi da ƙarshe. Wata yarinya ma ta yi ta a asibiti."

Na ƙara da cewa, "In ka bar shi haka don tausayina, wata za ta ji shi a ɗakinta, yaronta ya ƙi nono, ba za ta san ta tashi ba. Ni ta'aziyya na samu, ta ishe ni. Edita ne ba ni da shi."



Ya kalle ni. Ya ja kujera ya ce in zauna. Ya zaro biro ɗaya daga aljihu, ya zaro na biyu ya miƙo mini. Ya ce, "To ke ma riƙe. Ba zan yanka ni kaɗai ba."

Muka fara. Ya karanta kowane layi da ƙarfi, da muryar nan tasa mai kama da sanarwar tashar mota, sai ya tambaya, "Mai sauraro na buƙatar wannan, ko ke ce ke buƙata?" Da farko a hankali yake tambaya. Bayan shafi uku ya manta da kansa, ya koma Almakashinsa. "Wannan fa? An faɗa. Wannan? Wa ke cewa 'zuciyata ta karaya' yaro na kuka a hannunta?" Na ce ba wanda ke cewa. Na ja layi.

Da muka zo ninkin kaya ya ajiye biro. Ya ce, "Wannan shi ya fi komai kyau a rubutun. Kuma shi ya kashe shi." Na ce na sani. Ya ce, "Ba cewa na yi ki yar ba. Ki ajiye. Ba na rediyo ba ne kawai." Ni na ja layin da hannuna, daga sama har ƙasa. Muka bar jimla ɗaya, wadda matar nan ta yi wa dariya.

Shawul ya tafi. Ban yi gardama ba.

Sai shafi na bakwai. Ya ce har yanzu yana ganin sai an nuna illar jinkiri, saƙon kashin ke nan. Nas ta ce da kin kawo shi da wuri.

Na ce a'a.

Ya ce, "Malama, ba don in—"

Na ce, "Ba don ni ba. Saurara. Matar da za ta ji wannan, wataƙila ta riga ta yi jinkirin. Tun safe take cewa ko zafin gari ne. In ta ji a rediyo an yi wa wata faɗa a gaban mutane, za ta ƙara zama, tana jin tsoron abin da za a ce mata. Ba ta buƙatar nas ta faɗa mata wannan maganar. Za ta faɗa wa kanta, kullum, ba a sa ta ba."

Ya daɗe yana juya biron. Ya ce, "To me nas za ta ce?"

Na ce, "Ta ce: kin kyauta da kika taho. Miƙo shi."

Ya rubuta a gefe. Ya karanta da ƙarfi sau biyu. Ya ce, "Ya fi nawa." Sai ya ƙara, "Amma jinkirin sai an nuna shi ta wata hanya." Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan maƙwabciya: ta leƙo aron ashana, ta taɓa goshin yaron, ta ce ba a jira da wannan, ɗauko mayafinki. Ta lissafa alamomin suna saka takalma. Gwaggo za ta yi ta, ita da bakin nan nata.

Da na tashi ya ce, "Saura ƙarshen." Na ce na sani. Ya ce, "Ƙa'idar shirin, wadda ta yi abin da ya dace ta ga amfaninsa. Amma ke za ki rubuta. Ba zan sa hannu ba sai kin kawo."

A bakin ƙofa ya ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Na ce, "Yallaɓai, wannan karin maganar ta tsufa, a yanke." Ya yi dariya har da tari.

Juma'a, da safe

Na zo kafin kowa, sai mai shara. Na rubuta ƙarshen. Rabin shafi ne. Ya fi duk sauran wuya.

Juma'a, bayan azahar

Ya dawo da shi da gyara huɗu. Uku na yarda. Na huɗun na je na ce ya mayar mini da kalmata, ya ce in ba shi dalili, na ba shi, ya mayar. Ya ce kuma kashi na goma sha biyu nawa ne, a kan wanke hannu, kuma in na kawo masa rabin awa zai kai ni ƙara wurin Shugaba.

Na sayo wa Gwaggo lemo mai sanyi na ajiye mata. Ta ce, "Fushin ya ƙare ke nan?" Na ce da saura. Ta ce, "To bari in sha kafin ya dawo."

Litinin, da yamma

An ɗauka. Na shiga situdiyo wannan karon, na zauna bayan gilashi kusa da mai ɗaukar sauti. Da aka zo wurin da za a sa kukan jariri ya dube ni, yatsansa a kan maɓalli. Na gyaɗa kai. Ya danna.

Na zauna har ƙarshe. Ya shiga cikin lokacinsa, har da 'yar rara. Gwaggo ta ƙara "ke dai Allah ya shirye ki" wadda ba ta cikin rubutu, Almakashi ya ɗaga biro, ya fasa.

Talata, bayan magariba

Na dawo da kwafin ƙarshe gida, na manta shi a kan tebur. Na fito daga kicin na tarar Malam ya ture littattafan 'yan ajinsa gefe, yana riƙe da shi. Bai wuce shafin farko ba. Ya ce, "Wannan ne aikin da kike ta fama da shi?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ba ki gaya mini a kan me yake ba." Na ce ba ka tambaya ba. Ya ce, "Tsoro na ji."

Ya miƙo mini. Ya ce idonsa ya gaji, in karanta masa.

Na zauna a hannun kujerarsa na karanta, ni ce uwa, ni ce maƙwabciya, ni ce nas. Bai motsa ba. Da na zo inda nas ta ce kin kyauta da kika taho, na ji numfashinsa ya canza. Na ci gaba. Aka yi wa yaron allura, aka kwantar da su. Washegari da hantsi nas ta ce gwada ba shi mu gani. Uwar ta ce ya ƙi tun jiya. Nas ta ce gwada dai. Shiru kaɗan. Sai uwar ta ce, "Ya kama. Wayyo, ya kama."

Na ajiye takardar. Shinkafa tana ƙauri a kicin, ba wanda ya tashi.

Malam ya ce, "A nan ya tashi ke nan."

Na ce, "A nan ya tashi."

Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Tun ranar da muka rasa namu ban ga hawayensa ba, ko a ranar ma ban gani ba, shi ke ta karɓar mutane a ƙofar gida. Na dafa kansa. Muka daɗe haka.

Can ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki takardar daga cinyata, ya nemo shafin ƙarshe ya miƙo mini.

Ya ce, "Sake karanta mini wurin da ya kama."

Na sake.